Mutuwar Mai Lema a Garwa

A babbar kasuwar Garwa, layin 'yan atamfa, in ka ce kana neman Alhaji Hamadu sai a tambaye ka wanne. In kuwa ka ce mai gashin baki, ko baƙon da ya sauka jiya zai nuna maka shagon. Gashin bakin nan siriri ne, ya lanƙwasa sama ta gefe biyu kamar ƙahon ɗan bunsuru, kuma baƙi wuluk, alhali furfura ta gama cinye kan mai shi. Ba wanda ya taɓa tambayar Alhaji inda yake sayen baƙin. Kowace safiya sai ya shafa masa man kaɗanya ya murɗe shi kafin ya buɗe shago.

Ba gadonsa ya yi ba, a sinima ya ɗauko shi. Zamanin samartakarsu akwai wata sinima marar rufi a bakin kasuwa, wadda yanzu ta koma ma'ajiyar simintin Figil, a nan ake nuna wani jarumin Indiya da ba wanda ya iya faɗin sunansa. Mutanen Garwa suka sa masa Mai Lema, don ko rana ko ruwa da lemarsa yake yawo. Da ita yake faɗa, da ita yake zance. Akwai fim ɗinsa guda da Hamadu ya yi ta shiga har mai yagar tikiti ya fara gaishe shi kamar abokin aiki. A ƙarshen fim ɗin Mai Lema ya auri wata yarinya da suke kira 'Yar Fitila, aka yi rawa a cikin lambu, kowa ya tafi gida yana murmushi.

Daga nan Alhaji ya samo karatun da yake yi wa majalisar ƙofar shagonsa.

"Jaruman yanzu, ana hura musu iska sun faɗi matattu," in ji shi. "Na da kuwa? Mai Lema ya faɗo daga kan jirgin ƙasa, ya tashi ya kakkaɓe wando. Mutumin nan bai taɓa mutuwa a fim ba. Bai ma san hanyar ba."

Ana nan sai Mahfuzu ya dawo daga Kuseri. Mahfuzu taubashin Alhaji ne, ɗillalin busasshen kifi, kuma tun suna yara bai da sana'ar da ta fi masa daɗi irin ya ga Hamadu ya fusata. Ya zauna a kan benci, ya karɓi shayi, ya kurɓa a hankali.

"Bawana, na zo maka da ta'aziyya."

"Wa ya rasu?"

"Ubangidanka. Na gan shi a talabijin ɗin wani gidan abinci a Kuseri, fim ɗin nan naka na 'Yar Fitila. Harbe shi aka yi. Ya mutu murus, har da ƙafa a miƙe."

Alhaji ya yi dariya har gashin baki na rawa. "Warin kifi ya taɓa maka ƙwaƙwalwa. Fim ɗin da na haddace kamar sunana?"

"To ni dai na ga gawa."

"Ka ga gawar wani! Jama'a ku shaida. In Mai Lema ya mutu a fim ɗin nan, a kawo wanzami ya sauke wannan." Ya ɗora yatsa a kan gashin bakinsa.

Mahfuzu ya ajiye kofi, ya sa hannu a aljihu, ya fito da 'yar kile ɗin nan da ake sokawa a bayan talabijin. Ashe tun a Kuseri ya sa aka zuba masa fim ɗin a ciki.

"Jumma'a bayan la'asar, gidana a Jambutu," ya ce. "Wanzami nawa ne, kai dai ka zo da leɓe."

Alhaji bai ji tsoro ba, amma ɗan kasuwa ba ya zuwa shari'a ba shaida. Ya hau moto, wato babur, ya je ya nemo Misye Achille, tsohon da ke haska fim a waccan sinimar, wanda yanzu yake kiwon agwagi a bakin Binuwai. Da ya ji bayani, Achille ya ɗan yi tari, ya ce ƙafarsa na ciwo. Alhaji ya ce zai aiko da mota. Achille ya ce agwagi ba su da lafiya. Alhaji ya ce za a ci naman rago. Achille ya tashi ya nemi hularsa.

Ranar Jumma'a ɗakin baƙin Mahfuzu ya cika da tsofaffi, wasu da sanda, wasu da tabarau mai ɗaurin zare. Can kusurwa Adoum wanzami ya shimfiɗa buzunsa yana wasa aska, shaf, shaf, yana kallon bakin Alhaji kamar mahauci a gaban bijimi.

Aka kunna. Da Mai Lema ya fito yana juya lemarsa, ɗakin ya ɗauki ihu. Wani ya jefa hula sama, fanka ta kai ta bayan kujera.

"Ga maza! Dubi tafiya, don Allah dubi tafiya!"

"Ai wannan ko tuntuɓe ya yi, da ado yake yin sa."

Suka bi waƙoƙin baki ɗaya da Indiyancin da su kaɗai suka san shi. Da mugu ya laɓe a bayan ƙofa, har Mahfuzu sai da ya miƙe yana ihu, "Yana bayanka! Waiwaya, soobaajo, abokina!" Alhaji kuwa yana faɗin kowace magana kafin jarumin ya buɗe baki, da Hausa, yadda ya fassara ta da kansa tun yana saurayi. Aka zo wurin da Mai Lema ya yi mafarkin rawa a lambu, aka wuce. Aka zo wurin da uban 'Yar Fitila ya faɗi, aka ɗauke shi a makara. Daga baya Mai Lema ya kori 'yan fashi da lema, ya tsaya a tashar jirgi yana jiran masoyiyarsa.

Alhaji ya gyara zama, ya murɗa gashin baki. "To, yanzu sai biki. Adoum, naɗe buzunka."

Ba a je lambu ba. Hadari ya haɗo a tashar jirgi, aka tsuge da ruwa. Wani mai baƙar riga ya fito daga bayan tarago.

"Wannan kuma waye?" in ji Alhaji. "Ba na cikin fim ɗin ba ne. Wa ya gayyace shi?"

Mai baƙar riga ya ɗaga bindiga, ta ce tau. Mai Lema ya dafe ƙirji, ya durƙusa, ya yi jawabi mai tsawo, ya rera rabin waƙa, sannan ya kwanta. 'Yar Fitila ta iso a guje ta tarar an gama. Lema ta yi ta gangarawa cikin ruwa ita kaɗai, rubutu ya fara hawa.

Ba abin da ake ji a ɗakin sai jan majina. Mahfuzu da ya zo cin nasara ya fi kowa kuka, don a Kuseri da rabin ido ya kalla yana cin tuwo. Shi ma Adoum ya daina wasa aska.

Alhaji ya miƙe zumbur. "Ƙarya ne! Aikin yaran kwamfuta ne. Yanzu ba abin da ba sa haɗawa. Misye Achille, tashi ka gaya musu. Da hannunka ka haska mana bikin nan."

Achille ya ƙarasa tauna naman da ke bakinsa, ya goge hannu.

"Patoron, maigidana, da hannuna na haska, gaskiya ne. Amma ka san fim a lokacin a gwangwanaye yake zuwa, naɗi naɗi. Wannan ta Najeriya ya shigo, ta Mayo-Oulo, a motar kayan miya. Muka buɗe gwangwani na ƙarshe, barkono ne a ciki, daƙaƙƙe. Har yau ban san wanda ya tafi da naɗin gidansa ya tarar ba yaji ba."

"To bikin fa?"

"Ku mutanen Garwa kun san kanku. Ranar da wuta ta ɗauke a tsakiyar faɗa, benci nawa kuka bari da ƙafa? In ce muku fim ba ƙarshe, ku ƙone ni? Sai na ɗauko naɗin mafarkin nan na tsakiya, na sake sa shi a ƙarshe. Wala, shi ke nan! Biki."

Wani tsoho ya cire tabarau. "Shi ya sa amarya ba ta sake kaya ba!"

"Shi ya sa ubanta da aka kai kabari ya dawo yana rawa a gaba-gaba!" in ji wani.

Duk aka juyo ana kallon Alhaji, don shi ne ya shekara da shekaru yana yi musu bayanin cewa tsohon suma ya yi, kuma a Indiya haka ake yi, sai an kai mutum bakin rami ya farfaɗo in ya ji kiɗa.

Achille kuwa ko a jikinsa. Ya buga ƙirji. "Ku gode mini. Indiyawa sun kashe shi, 'yan Kuseri sun kashe shi. Ni kaɗai na hana shi mutuwa, na yi ta aurar da shi har damina ta wuce."

Nan Alhaji ya hango ƙofa. "Kun ji da kunnenku! A Garwa bai mutu ba. Ni kuwa fim ɗin Garwa na yi magana a kai."

"Cewa ka yi fim ɗin nan," in ji Mahfuzu yana share ido da hannun riga. "Kuma yanzu a Jambutu ya mutu. Jambutu ba Garwa ba ce? Adoum, jiƙa sabulu."

Gardama ta kaure. Rabin ɗaki na cewa mutum ba ya mutuwa a bayan idon masoyansa, rabi na cewa ga gawa can kowa ya gani. Da abin ya ƙi ƙarewa, aka miƙa wa Baba Mahamat, wanda ya fi kowa tsufa, kuma ya yi barci tun daga waƙa ta biyu. Aka tashe shi aka karanta masa ƙara. Ya sosa gemu.

"Ya mutu?"

"Ya mutu, Baba."

"Kuma ya yi aure?"

"Ya yi, Baba."

"To kowa na da gaskiya. A aske rabi."

Alhaji ya nemi ɗaukaka ƙara, aka ce Baba ya koma barci. Aka zaunar da shi a kan buzu. Adoum ya tsuguna, ya kama masa haɓa.

"Alhaji, wane gefe ne ya mutu?"

Alhaji ya daɗe yana tunani, ya taɓa dama, ya taɓa hagu. "Hagu," ya ce da ƙyar. "Ita ce ke kallon Kuseri in na zauna a shago."

Aska ta wuce sau ɗaya. Leɓen da bai ga rana ba tun zamanin sinima ya fito fari fat kamar cikin rogo. Mahfuzu ya faɗi ƙasa yana riƙe da ciki, ya rasa ko kukan zai ci gaba da shi ko dariyar. Adoum ya ce a bari ya ƙarasa kyauta, don sunansa zai ɓaci in aka ga aikin nan a gari. Alhaji ya ture hannunsa.

"Wannan na Garwa ne. Da ransa."

Ya naɗe baki da rawani, ya hau moto ya tafi gida. Matarsa Hajiya Kaltumi tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ya yi sallama a karkace, yana ba ta gefen dama.

"Alhaji, haƙori ne?"

"Mura."

"A wannan zafin? Sauke rawanin in gani."

Ya sauke. Ta dube shi ta dama, ta zagaya ta dube shi ta hagu, ta koma ta zauna.

"Wannan gefen na san shi, shi ya aure ni. Wancan yaron kuma ɗan wa ye?"

Ya fara ba ta labarin barkono da tashar jirgi. Ba ta bari ya kai ƙarshe ba, ta shiga ɗaki ta fito da reza da ƙwaryar ruwa.

"Mutum biyu ba za su ci mini tuwo ba. Ga shi kuma na hagun ba ya komawa. Zauna."

"Hajiya, wannan fa da ransa."

"Allah ya jiƙansa. Ɗaga haɓa."