Gurbin Yatsan Baba

Tun rasuwar Baba malafarsa ta gashi ke rataye a ƙusa, bakinta na sheƙi daidai inda yatsansa ya saba kamawa. Auta ta gaji da gidan da ba a taɓa komai.

"Maiƙo ne fa, Inna, ba albarka ba!" in ji ta.

Ta kara malafar a tururin ruwan zafi, ta bi ta da buroshi mai laushi har gashin ya miƙe, sheƙin ya mutu.

Inna, wadda idonta ya tafi, ta karɓa tana laluben bakin. Ta zagaya shi da yatsa, ta sake zagayawa, ba ta ji gurbin ba.

"Nan nake gaishe shi kullum," ta ce. "Auta, ina kika kai mini shi?"