Tatsuniya da Rana Tsaka

Balkisu ba ta ƙi Nasiba ta yi tatsuniya gaban jama'a ba. Ita ta yi mata kitso, ita ta goge mata riga, ita kuma ta ɗauko ta a kabu-kabu tun daga Tsibiri zuwa Maraɗi, inda ƙungiyar marubuta ta shirya muhawara kan ceto tatsuniya daga hannun salula. Mijinta Zakariya'u, wanda ake ce wa Mushe, wato malamin boko, shi ne sakataren ƙungiyar, shi ya ce ɗiyarsu 'yar shekara biyar ce za ta buɗe taro.

Abu guda ya tsaya mata a rai: rana ce tsaka. Tun tana yarinya take jin wanda ya yi tatsuniya da rana ɓata yake yi, sai in an tsige masa gashin ido guda kafin ya fara. Ba za ta rantse gaskiya ne ba. Amma ɗiyarta guda ce, Maraɗi kuwa gari ne mai faɗi.

Ta matsa ta raɗa masa, "Baban Nasiba, bari in tsige mata gashin ido tukuna."

Ashe mikiro, na'urar ɗaga murya, na kunne a hannunsa.

Wani dattijo daga Jiratawa, Malam Alkasim, ya miƙe zumbur. "Kun ji! Ga gadon da muke kuka ya mutu, ga shi nan da ransa!"

"Wane gado, Malam?" in ji Madam Tahira, malamar jami'a. "Camfi ne. Tatsuniya muka zo ceto, ba tsoro ba."

"To ki tsame gishiri daga miya, ki ce kin ceci miya!"

Aka kwashe da tafi. Wani ya ce tsofaffi ne suka ƙago zancen don yara su tafi gona. Wani ya ce a kafa kwamiti. Zakariya'u na ta zarya da mikiro, fuska cike da annuri. Ba wanda ya dubi Nasiba da ke tsaye kan dandamali tana matse ƙafafu. Balkisu ta san wannan matsin.

Ta sauko da ita, ta kai ta bayan gida, ta saya mata ƙosai. Ta ɗaga wa mijin hannu daga ƙofa, bai gani ba. Sai ta tare kabu-kabu.

Sun shiga gida ke nan waya ta yi ƙara. Zakariya'u ne.

"Balki! Nasiba ta ɓata! Ba inda ba mu duba ba!" Can bayansa tana jin Malam Alkasim na cewa, "Ban faɗa muku ba?"

"Ga ta nan tana korar akuya. Ai ko bakinta ba ku bari ta buɗe ba."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya yi hamdala. Sannan ya rage murya.

"To... kar ki kira kowa tukuna. Madam Tahira ta fara ja da baya, zaure kuwa ya cika har waje."

Balkisu ta kashe wayar, ta ɗora tukunya.