Bayan An Sallami Baba

Ranar da aka sallami Baba daga ɓangaren masu cutar numfashi, 'ya'yansa biyu suka zo ɗaukarsa, kowa ta hanyarsa. Yaya, babban ɗansa, direban bas ne, da motarsa ya zo. Auta kuwa, wadda take aiki a kantin magani, a ƙafa ta zo, don tun da aka kwantar da tsohon ta daina shiga motar yayanta. A ganinta shi ya kwaso cutar a wurin fasinjoji ya kawo gida. Shi kuma ya rantse ita ce, tunda kowane mai tari a unguwa a gabanta yake tsayawa.

Likita ta same su a baranda, ta yi musu magana ta cikin takunkumi.

"Cutar ta fita, amma ta bar ɓarna. Huhunsa ya yi tabo, ƙodarsa ta taɓu. Da ma ga ciwon suga, ga hawan jini. Masu irin nasa da yawa ba su fita daga ɗakin nan da ƙafarsu ba. Ku kula da abin da yake ci, kar a yi wasa da allurarsa."

"Ka dai ji da kunnenka," in ji Auta.

"Ai da ke ake, malamar magani," in ji Yaya.

Aka turo Baba a keken marasa lafiya. Tela ne shi, mai faɗin kafaɗa, amma yanzu rigar da ya ɗinka da hannunsa ta zama kamar ta aro. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Na ga ba ku kashe juna ba. To, ku kai ni gida."

Dole Auta ta shiga bas ɗin. Ta zauna can baya, ta buɗe taga har ƙarshe.

Gidansu a hawa na biyu na bene yake. Baba ya taka matakala kaɗan, ya kama ƙarfe, ƙirjinsa yana shewa. Yaya ya durƙusa ya goya shi. Auta ta biyo su da jaka tana cewa ya daina huci a fuskar mutum. Ya ce mata fuskar tana bayansa, in ba makanta take damunta ba.

Daga nan gidan ya koma asibiti, Auta ce shugaba. Ta kwashe suga da gishiri ta kulle a ɗakinta. Kullum da safe ta soki yatsan Baba ta auna jini, ta yi masa allura a ciki, ta ajiye masa abinci salam. Ba ya jin ƙanshi, ba ya jin ɗanɗano. In ya je banɗaki sai ya huta a hanya. Keken ɗinkinsa yana gefen gado an rufe da zani, ya taɓa gwada taka shi, numfashi ya ƙi. Tun daga ranar ya koma faɗa da kowa.

"Kare ma ba a ba shi wannan," ya ce yana ture kwano.

"Karen ba shi da ciwon suga, Baba."

Yaya yana bakin ƙofa, iyakar inda aka yarda ya tsaya ke nan in ya dawo daga aiki. Ya ce, "Cuta ta bar shi, ke za ki ƙarasa shi da yunwa."

"Wanda ya fara aikin ne yake jin haushi wani zai ƙarasa?"

Yaya ya zuba mata ido. Ya juya ya sauka.

Wata ranar Auta tana kanti, Yaya ya dawo cin abincin rana ya tarar Baba ya juya fuska bango, bai taɓa kwanon ba. Tsohon ya ce ba abin da yake marmari sai lemon kwalba mai sanyi, ko zai ji wani abu a harshensa. Yaya ya ce Auta ta hana.

"Ni na haife ta ko ita ta haife ni? Kai ma ka zama ɗan aikenta?"

Yaya ya sauka ya sayo. Baba ya shanye, ya ce ya ji zaƙi daga nesa, har ya yi dariya, karo na farko tun dawowarsa. Washegari ma aka sayo. Abin ya zama na kullum, kwalaben suna komawa a aljihun Yaya. Auta tana ganin awon yana hawa, ta ƙara matse abinci, Baba ya ƙara zaginta.

Rannan da hantsi Auta ta dawo ɗaukar wayarta da ta manta, ta sami Baba a ƙasa tsakanin gado da keken ɗinki, leɓɓansa sun bushe, yana kiranta da sunan mahaifiyarta da ta rasu. Ga kwalbar lemon jiya a ƙarƙashin matashi. Ta kira Yaya. Abin da ta ce kawai shi ne, "Zo ka ɗauki aikinka."

A asibiti aka shawo kan sugan, amma ƙodar ta ƙi. Likita ta ce daga yanzu sai wankin ƙoda kowane mako. Ta ce ƙodar da ma ta kama hanya tun lokacin cutar, ba za ta iya cewa lemo ne kaɗai ba. Kowannensu ya ɗauki rabin maganar da ya yi masa.

"Ka ji, lemo," in ji Auta.

"Kin ji, ba shi kaɗai ba."

"Sau biyu ke nan. Saura na uku, ka huta."

Yaya ya ɗaga hannu. Wani ma'aikaci ya shiga tsakani ya ce su fita da haukarsu waje, akwai masu neman numfashi a ciki. A wajen Yaya ya ce mata, murya ƙasa ƙasa, "Ni dai na ga ya yi dariya. Ke me kika taɓa gani ban da lamba a na'ura?"

"Lambar ce ta sa yake raye."

Baba ya dawo gida ya ƙara ramewa. Auta ta sa kwaɗo a ƙofar ɗakinsa, makullin yana wuyanta. Yaya ya zo da sukundireba ya kwance ƙofar gaba ɗaya, ya jingine ta a baranda. Ba wanda ya mayar da ita. Maƙwabta suka zo sulhu, Baba ya kore su daga kan gado, ya ce gidansa ba kotu ba ne.

Ranar wanki Yaya ne yake goya shi zuwa mota, Auta ce take zama da shi a gaban injin har a gama. In akwai saƙo tsakaninsu, ta bakin Baba yake bi.

"Baba, ka ce masa ya rage gudu."

"Ki faɗa masa da kanki. Numfashin da ya rage mini ba na aike ba ne."

Ba ta faɗa ba. Yaya ya ƙara taka mota.