Azurfar da ke Wuyan Walburga

Tun da babana Korbinian ya yi ritaya daga gidan waya, ba shi da aiki sai tara tsofaffin tsabar azurfa, irin waɗanda ake bugawa idan mai sarauta ya mutu: fuskarsa a gaba, ranar rasuwarsa a baya. Bayan rasuwar mahaifiyarmu abin ya ƙaru. Sai ya wuni a ɗaki da gilashin ƙara girma, daga shi sai matattun sarakuna.

Da ƙyar na ja shi bikin ƙawata a wani ƙauye kusa da garin Landshut. Ana cikin rawa na ga ya ƙura wa ƙirjin kakar amarya ido.

"Haba Baba! Mutane na kallonka fa."

"Ke Resi, yi min shiru. Dubi sarƙarta!"

Ashe a jikin sarƙar akwai tsabar wani yariman yankin Franken da ya daɗe yana nema. Tsohuwar, Walburga sunanta, ta baro filin rawa ta nufo mu tana haki.

"Bawan Allah, lafiya? Rabon da namiji ya kalle ni haka har na manta."

Baba ya daburce, ya yi bayani yana in'ina. Da ya duba da kyau sai ya dafe kai. "Wayyo! Wa ya huda ta?"

"Kakana mana. Da me zai rataya wa matarsa ita, da yawu?"

Ya roƙe ta ta sayar masa, ko da hujin. Ta ce sam. "Amma in kana kewar yarimanka, zo ran Lahadi ka gaishe shi. Ina gasa kek na tuffa."

Ya je. Lahadin da ta biyo baya ya koma, wai ranar farko hasken bai yi kyau ba. Daga nan na lura ya fara barin gilashin a gida, yana tafiya da furanni.

Na ce, "Baba, yariman ne ke son furanni?"

"Yarinyar nan ba ki da kunya," in ji shi, yana gyara hula a madubi.

Da bazara aka ɗaura musu aure. Sharaɗi ɗaya Walburga ta kafa, cewa akwatin tsabar matattun sarakunan nan ba zai kwana a ɗakinta ba, don haka yana falo kusa da agogo. Yanzu tana koya wa Baba rawa. Kullum sai ya taka mata ƙafa, ita kuma sai ta rama.