Hancin Ba-Ruwanka

"Ka kira karenka kafin in fasa masa kai!" na daka wa Baba Shekwolo tsawa daga bakin shagona na ɗinki a Sauka Kahuta. Karo na uku ke nan a mako guda da karen ya manna min jiƙaƙƙen hancinsa a wando, ga azahar ta kawo kai.

Tsohon, maƙwabcina da katanga kawai ta raba mu, ya yi dariya. "Garba, ba ya cizo. Gaisuwa ne. Hanci shi ne ido nasa, yana karanta inda ka fito."

"Ya je ya karanta ubansa."

Sunan karen ma Ba-Ruwanka, kuma na san da ni ake. Na tsani karen, na tsani dariyar mai shi. Shi ya sa da ya kawo min farar rigarsa ta zuwa coci in gyara masa hammata, na cusa ta ƙarƙashin tarin ƙyallaye, na yi ta ja masa rai har wata uku.

Ran Alhamis ya yanke jiki ya faɗi a gonar doyarsa ta Maikunkele. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ban shiga gaisuwa ba. Na ce ƙofar da kare ke kwance ba tawa ba ce.

Washegari 'yarsa Dorothy ta zo, idanu jawur, karen na biye da ita.

"Malam Garba, rigar Baba. Da ita ya ce a binne shi."

Kunya ta kama ni, sai na yi borinta. "Ai ya karɓa tuntuni. Ki duba ɗakinsa."

"Na duba."

"To ni ne ma'ajinsa?"

Ba-Ruwanka ya wuce ni, ko kallon tsintsiyar da na ɗaga bai yi ba. Ya shinshina ƙasa, ya shinshina ƙafar keken ɗinki, ya tura kai cikin ƙyallayen, ya jawo rigar. Hammatar na nan a yage yadda aka kawo ta.

Dorothy ta dube ni. Da zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

"Ƙarfe huɗu za mu rufe akwati," ta ce, ta fita.

Na zura zare a allura. Karen ya kwanta a kan rigar, hancinsa cikin wuyanta, yana jan numfashi a hankali. Na tsuguna gefensa ina jira ya ɗaga.