Huda Biyar a Ƙofar Verlene

Ni dai tun farko na gaya wa Verlene, in za ta sayi bindiga ta tafi da ni. Ba don na san bindiga ba. Marigayi mijina ya ajiye huɗu, ban taɓa ɗaga ko ɗaya ba sai in zan share ƙarƙashin gado, da ya rasu kuwa duk aka sayar. Amma mace mai shekara saba'in da shida, in ba a je da ita ba, sai dai ta ji labari a bakin wasu, sun riga sun tsotse daɗin.

Verlene Tubbs maƙwabciyata ce, shingen waya ne kawai tsakaninmu. Gidan da take ciki na uwarta ne, a ɗakin baya aka haife ta, bishiyar pikan da ke tsakar gidan kuwa, mai 'ya'ya masu ɓawo kamar gyaɗa, kakanta ya dasa. Shekara goma sha tara tana cire ƙashin kaji a kamfanin da ke bakin babban titi, har yatsunta suka kanannaɗe, murfin kwalba ma sai ta miƙo mini ta saman shinge in buɗe mata. Hannun daman kuwa ba kaji ne suka gama da shi ba. Carvel ne, tsohon mijinta, ya datse shi da ƙofar mota har ya karye. A kan haka aka ɗaure shi shekara huɗu.

Wata Litinin wasiƙa ta iso daga gidan yari, wai za a sake shi ranar sha bakwai ga wata. Saura sati uku. Verlene ta same ni ina yanka kuɓewa a baranda, ta ajiye mini takardar a cinya.

"Anti Ozella, ba zan bar gidan nan ba."

"Wa ya ce ki bari?"

"Yayata. Wai in taho garinsu, Toledo, akwai doguwar kujera a falonta."

"Da shekara hamsin da biyu ki koma kwanan kujera? A gidan wannan mijin nata mai ƙirga yankan burodi?"

Ba ta yi dariya ba. Tana da takardar kotu da ta hana Carvel matsowa kusa da ita, amma ɗan sandan da ya kawo takardar shi da bakinsa ya ce daga ofishinsu zuwa layinmu minti talatin da biyar ne, in an yi sa'a motar ba ta wancan gefen gundumar. Ya ce, "Da ni ne ke, Madam, da na nemi abin riƙewa a hannu."

Abin da ya kai mu shagon jinginar Mista Hoyt Gandy ke nan. Nan ne duk wanda duniya ta matse a garinmu yake kai kayansa, jita da injin yankan ciyawa da zoben aure jere cikin gilas. Na gane uku daga cikin zobban, amma wannan wani labari ne.

"Mis Ozella, har yanzu ba ki mutu ba?" in ji Hoyt.

"Ina jiran ka riga ni, in ga wa matarka za ta aura."

Verlene tana da dala ɗari biyu da hamsin, abin da ta tara don gyaran rufin kicin. Ta nuna wata baƙa mai ɗan tsawo, ya miƙo mata, ta zauna mata a hannu daram. Da ta juya 'yar takardar farashin ta ga ɗari huɗu da goma, sai ta ajiye ta a hankali kamar ƙwai.

"Wannan ai ta yi miki yawa, Madam," in ji shi. Ya sunkuya ya ɗauko wata 'yar mitsitsiya, irin mai cin harsashi biyar, mariƙinta ruwan hoda. "Ga ta mata. Ba nauyi, tana shiga jaka, ba abin ja, ba abin murɗawa. Nuna kawai ki matsa. Ɗari biyu da ashirin."

Ba ƙarya ya yi da gangan ba. Haka ubansa ya sayar, haka kowane namiji a gundumar nan yake saya wa matarsa. Rabin matan ƙungiyar waƙarmu ta coci suna yawo da irinta a jaka, tsakanin alewa da hankici, kuma ba wadda ta taɓa harba tata. Verlene ta dube ni. Ni kuwa da bakina na ce, "Ɗauki, 'yata, har ta dace da jakarki ta Lahadi."

Ta cike fom, Hoyt ya buga waya aka duba sunanta, sauran canjin ya tafi a kwalin harsashi ɗaya. A bango bayansa akwai rubutu da jan fenti cewa bindigar da ta fita ba ta dawowa. Mu duka mun gani.

Ranar Alhamis mata ba sa biyan kuɗin shiga filin koyon harbi, sai muka je. Mai kula da wurin, Renita Spruill, tsohuwar soja ce, gajera mai faɗin kafaɗa. Verlene na buɗe jaka, ta leƙa, ta saki ajiyar zuciya.

"Bari in canka. Hoyt."

"Ya ce ta mata ce."

"Ta mata ce har ranar da mace ta harba ta. 'Yar'uwa, bindiga in ba ta da nauyi, duk dukan a hannunki yake ƙarewa. Kuma kunamarta tauri gare ta. Mu ga hannun."

Ta juya hannun Verlene, ta ga yatsun, ta ga tabon ɗinki. Ta ba mu abin toshe kunne, ta rataye takarda mai baƙin zanen mutum, taku bakwai daga inda muke. Taku bakwai fa, kamar daga murhuna zuwa ƙofar baya.

Yatsa ɗaya bai iya jan kunamar ba, sai da Verlene ta haɗa biyu, bakin bindigar yana ta rawa. Da ta tashi, sai abin ya yi tsalle kamar an taka kyanwa, ya yage mata fatar tsakanin yatsu. Ta cije leɓe ta sake. Sau biyar. A na ƙarshe idonta a rufe yake tun kafin ƙarar. Renita ta jawo takardar, mutumin nan fes, ko ƙwarzane babu.

"To ai ko ba komai kin kashe bangon," na ce. Ba wanda ya taya ni.

Renita ta ɗauko tata, mai nauyi, irin wadda Verlene ta fara nunawa a shago. Ta gyara mata tsayuwa, ta ce ta saita farantin ƙarfe da ke rataye can gefe. Harbi na biyu farantin ya yi ƙara, na huɗu ma haka. Rabon da in ga haƙoran Verlene tun kafin wasiƙar nan.

"Hoyt zai musanya mini?"

"Zai saye ta rabin kuɗi. Ɗari da goma."

Verlene ta shafa hannun. Renita ta ce ta riƙa zuwa duk Alhamis tana koyo da tata, amma dai ba za ta iya ba ta ta kai gida ba. Alhamis biyu suka rage, kuma duk biyun Verlene tana aiki. Ta naɗe takardar mai zanen mutum ta sa a hammata, don dala ɗaya ta biya a kanta.

A wajenmu macen da ke zaune ita kaɗai, in ta je filin harbi, takan dawo da takardarta ta liƙa a ƙofar raga ta gaba, mai wucewa ya ga huda a ƙirjin mutumin ya san gidan ba na wasa ba ne. Ya fi kare, don ba ya cin abinci. Verlene ta shimfiɗa tata a teburin kicin ɗina tana kallo, shayi mai sanyin da na zuba mata har ƙanƙararsa ta narke.

Dabarar tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Na ɗauko fensirin da nake rubuta cefane da shi, na ɗora takardar a kan matashin kujera, na soka a ƙirji. Na murza. Sai ga huda da toka-toka a bakinta, sak ta harsashi. Na yi biyar, kusa da juna, ɗaya na ɗan kauce da ita don kada abin ya yi kyau da yawa.

"Anti Ozella, ke shaiɗaniya ce."

"Soja ce dai. Kawo salatif."

Mun yi dariya har da hawaye. Kuma abin ya yi aiki, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Mai kawo wasiƙa ya gani, ya gaya wa na gidan mai, kafin Lahadi fasto da kansa ya ce wa Verlene ashe haka take. Ta fara cin abinci. Ta sayi fenti za ta shafe baranda.

Ranar Juma'a ta sati na biyu na je gyaran gashi wajen Dovie, kamar kowace Juma'a shekara talatin. Shagon cike, hira ɗaya ake yi. Wata ta ce Verlene daga taku ashirin ta yi harbin. Wata ta ce da hannun hagu. Ina zaune an kifa mini injin busar da gashi a ka, ina jin guntu-guntu, labarin da ni na haife shi ana ta yi masa ado ba a ko ambaci sunana. Abin ya riƙa yi mini ƙaiƙayi a maƙoshi. Na yafito Dovie, na ce ta kawo kunne, ita kaɗai.

Wanda ke ƙarƙashin injin nan ba ya jin muryar kansa. Ni a zatona raɗa nake yi. Sai da na ga duk shagon ya juyo, wata har ta sauke mujallarta, na san abin da na yi. Suka fashe da dariya, ni ma na yi, me zan ce. Dovie ita ke yi wa uwar Carvel gashi ranar Asabar.

Ban gaya wa Verlene ba. Na ce wa kaina mata ne, za su manta.

Sha bakwai ta zo ta wuce. Sha takwas, sha tara, shiru. Ranar Lahadi muka dawo daga coci da rana tsaka, ina riƙe da kwanon tarwaɗar da ta rage, Verlene na gaba. A matakalar baranda ta tsaya.

Takardar na nan inda muka liƙa ta. Huda biyar ɗin na nan. Amma a tsakiyar goshin mutumin an soka sabon fensir rawaya, ya huda takardar ya huda ragar, an bar shi a tsaye.

Ɗan sandan ya iso bayan minti arba'in. Ya ce fensir ba laifi ba ne, sai in wani ya ga wanda ya hau barandar. Ya juyo gare ni, don kowa ya san ba abin da ke motsi a layin nan ban gani ta tagata ba. Ina coci.

Da ya tafi, Verlene ta zare fensirin ta duba bakinsa.

"Ya fi naki tsini, Anti."

"Verlene, ranar Juma'ar nan a wajen Dovie..."

"Na sani. Tun ranar Asabar na sani." Ta sa fensirin a jaka kusa da bindigar. "Ko ba ki faɗa ba, wata rana zai taka matakalar nan. In ya tako, da me zan tare shi? Ke kin ga bangon."

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ranar Litinin ta kai wa Hoyt bindigar, ya ba ta ɗari da goma, ya ce harsashin da aka buɗe kwalinsa ba ya karɓa. Ranar Talata na kai ta tashar bas a tsohuwar motar mijina, da akwati biyu da hoton uwarta. Ta ba ni makulli, ta ce in pikan ya fara zuba in tsince, kada ya ruɓe a ƙasa.

Ya fara zuba tun watan jiya. Bayana ba ya barina in sunkuya, sai in tsaya a shinge ina kallo kurege na kwasa. Gwangwanin fentin na nan a baranda ba a buɗe ba. Motar Carvel takan wuce wajen la'asar, a hankali, gwiwar hannunsa a taga, ya ɗaga mini yatsu biyu ya ce, "Barka da yamma, Mis Ozella." Ina amsawa. Ni kaɗai ce a layin yanzu.

Shekaranjiya na bi ta shagon Hoyt neman batirin agogo. Bindigar Verlene tana nan cikin gilas, an goge ta, ɗari biyu da ashirin. Wata yarinya mai kayan aikin kamfanin kaji tana tsaye, hoda ba ta gama rufe kumburin idonta ba, shi kuwa ya sunkuya yana ɗauko mata. Na ce, "'Yata, kada ki sayi wannan."

Ta tambaye ni to wacce, ta faɗi kuɗin da ke jakarta. Na duba gilas ɗin daga wannan gefe zuwa wancan, na karanta farashin ɗaya bayan ɗaya. Hoyt yana jira, ita ma tana jira. Na karɓi batirina na fito.