Gishirin Haladu Kuku

Shekara ashirin da biyu Haladu ya yi yana aikin kuku a Jos. Da ya dawo gida Gummi a 1982, abin da ya fi lallaɓawa cikin kayansa gwangwanayen madara ne guda huɗu, kowanne da ɗan reshen wani tsiro mai siraran ganye. Rozmari yake ce masa, yadda mutanen gidan da ya yi wa aiki suke kiransa.

Matarsa Kulu ta murza ganyen ta shinshina. "Malam, wanga ai turare na, ba kayan miya ba."

Bazarar farko ta kashe uku. Na huɗun ya mayar da shi cikin tsohuwar tukunya, ya huda gindinta, ya gauraya ƙasar da yashin gulbi, ya ajiye a inuwar lemun tsami. Sai da tsiron ya shekara biyu kafin ya yarda ya sa masa wuƙa.

Ya tsige ganyen ya shanya a faifai cikin ɗaki, don ya ce rana tana kwashe ƙamshin. Bayan kwana huɗu Kulu ta daka masa da gishiri a ƙaramin turmi, shi kuma yana tsaye yana kankare ɓawon lemun tsami a ciki. Gishirin ya fito kore-kore. Suka sake shanyawa, ya cika kwalba ɗaya.

A makon nan amininsa Labbo, wani makiyayi da ke ruga kusa da Bukkuyum, ya aiko cewa an yi masa jikan fari. Haladu ya tafi suna da kwalbar a aljihu.

Saminu mahauci ne ke gasa ragon. Da Haladu ya miƙa masa kwalbar, ya leƙa ya girgiza kai.

"Baba, ni da yajina na saba. Ba ni ɓata naman mutane."

"Cinya guda nika so," in ji Haladu. "In ta ɓaci, ni ka cinye ta."

Labbo ya yi dariya ya ce a ba shi. Haladu ya naɗe hannun riga, ya tsattsaga naman, ya shafa man shanu, ya murza gishirin a ciki, ya gasa nesa da harshen wuta yana juyawa a hankali. Hayaƙin ya sa dattawan da ke kan tabarma suka fara waiwayowa.

Aka kai wa mahaifiyar Labbo yanka biyu. Tsohuwar ta daɗe ba ta cin abin kirki tun da ta yi jinya. Can sai ga ta ta fito da sanda.

"Wa ya gasa wanga?"

"Haladu na, Inna," in ji Labbo.

"A ƙaro mini."

Saminu ya yanki ɗan gefe ya tauna. Sannan ya matso ya rage murya ya tambayi sunan ganyen, har sau biyu yana maimaitawa.

Abin da ya rage a kwalbar Inna ta sa aka juye mata, ta ƙulle a bakin zane. Haladu ya iso Gummi da la'asar, ya ba Kulu labarin tun daga zaure, ya sake ba ta daga farko kafin ma ya cire takalmi.